Masta Kabon da Tsinke na Huɗu

Duk wanda ya san yayana Masta Awudu ya san aljihunsa na dama. Komai farin riga, komai tsadar yadi, in ya sa ta sau ɗaya aljihun nan ya zama baƙi ƙirin, don ba ya fita sai da guntun gawayi a ciki. Aljihun hagu kuma cike yake da tsinkayen tsire, waɗanda mutane suka cinye cicingarsu suka yar, shi kuma ya bi ya tsince. Mutum ya koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare har ya yi ritaya, amma ka gan shi a bakin titin Aboabo ya duƙa gaban mai cicinga yana zaɓen tsinke. In ya wuce wurin masu gawayi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku 'yan'uwa." Matan su amsa da fara'a, alhali da buhunan yake. Shi ya sa Zango kaf ba mai kiransa Awudu, sai Masta Kabon.

Ni ce Ramatu, autarsu, mai atamfa a kasuwar Asawase. Mu uku mahaifinmu ya bari a gidan nan: Yaya Masta, sai Alhaji Isyaka mai shagon kayan gyaran mota, sai ni. Ku da kuka zo mana adu'a kun ga katangar bulo da ta raba tsakar gidanmu biyu. Katangar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yayyena ne uwa ɗaya uba ɗaya, suka shekara da shekaru ba sa ga-maciji, ni kuma kullum fargabata kada ɗaya ya mutu ba su yi wa juna magana ba. Zan zo kan yadda aka gina ta, amma sai kun fara sanin irin mutumin da muka yi fama da shi.

Amfanin tsinkayen shi ne karatu. Ba ruwansa da ko ka tambaya. Ka zo gaisuwa, ka zo aron tsani, ka zo kawo katin biki, sai ka zauna. Zai ɗauko goro ya soka masa tsinke huɗu, ya ce wannan shi ne kabon, abin da ke cikin gawayi. Ya ce duk abin da Allah ya halitta ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya da yawan hannuwanta. Haidirojin hannu ɗaya gare shi, in ya kama mutum ɗaya zance ya ƙare. Oksijin biyu. Kabon kuwa huɗu: ya riƙe ɗan'uwansa kabon ta gaba, ya riƙe wani ta baya, sauran biyun ya miƙa wa baƙi. Da haka suke jeruwa su yi sarƙa, sarƙar ta yi rassa, wani lokaci ta lanƙwaso ta zama zobe. In ya so ya riƙe abokinsa da hannu ɗaya, in ya so da biyu, har da uku. Ba ya ƙwacen na wani, ba ya zubar da nasa, tarayya yake yi kamar masu cin tuwo a kwano ɗaya. Ga shi ɗan ƙaramin jiki, saboda haka yana matsowa kusa, riƙonsa ya yi ƙarfi. Ya ce shi ya sa sukari, man kaɗe, fetur, roba, har naman jikinka, duk kabon ne ya sake zama da maƙwabta. Ni da ban yi nisa a boko ba, sai da na haddace wannan dole saboda yawan ji.

To kabon goro ne, oksijin lemun tsami, haidirojin ƙananan barkono. Ina yake samun su? Kada ma ku yi tunanin saye. Kwandon cefanen matarsa, Anti Memuna, shi ne shagonsa. Baiwar Allah nan sau nawa ta ɗora tukunya a kurfoti, murhun gawayi, ta juyo ta tarar kayan miyarta sun zama siffar sukari a kan teburin Masta, sai ta tsaya ta warware su ɗaya bayan ɗaya kafin a ci abinci.

Wata rana limamin masallacin unguwarmu ya shigo gaisuwa bayan la'asar, ya tarar da wani gini a kan tebur: goro biyu a haɗe, barkono kewaye da su, lemun tsami a gefe. Masta ya shiga ɗaki ɗauko tabarau. Liman mutum ne mai son goro, ya ga ja mai kyau, ya yi bismillah ya zare ɗaya ya kai baki. Masta ya fito ya tsaya yana kallon teburin.

"Allah gafarta Malam, ka san abin da ka ci?"

"Goro."

"Siffar akpeteshi na haɗa, giyar nan ta bayan tasha. Ka cinye rabinta."

Liman ya furzar, yana a'uzubillahi yana neman buta. Masta ya ce ya kwantar da hankalinsa, ba komai, sai dai wanda ya bari a teburin ya fi wancan sharri, don mai goro ɗaya shi ne irin da ke makantar da mashaya. Tun daga ranar liman bai sake karɓar goro a gidanmu ba sai ya tambaya ko na karatu ne.

Ni ma ban tsira ba. Kun san al'adarmu ta yayi, in za a yi biki mata su zaɓi atamfa iri ɗaya kowa ta ɗinka. Wata shekara aka yi babban aure a Krofrom, matan dangin amarya suka cika rumfata, mun gama magana, har na fara yanka. Sai ga Masta ya sauko daga trotro, motar haya, wai ya biyo ya gaishe ni. Ya shafa atamfar, ya tambaye ni mece ce. Na ce auduga ce zalla, kamar yadda wanda ya kawo mini ya rantse. Sai ya fara yi wa matan bayani wai auduga da tuwo duk sukari ne aka jera, yadda suka riƙe hannun juna ne kawai ya bambanta, shi ya sa muke cin ɗaya mu ɗaura ɗaya. Matan suna dariya, ni ina harararsa. Kafin in ankara ya zare zare ɗaya daga bakin atamfar ya ƙyasta ashana. Ya ce in auduga ce za ta zama toka. Zaren nan ya narke, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin dutse, rumfa ta ɗauki warin leda.

"Wannan ɗan gidan fetur ne," in ji shi. "Amma kada ku damu, shi ma kabon ne, ɗan'uwa ne."

Uwar amarya ta ce, "Ei, Hajiya, roba za mu sa mu shiga rana? Ba mu so koraa, ko kaɗan." Suka kwashe jakunkunansu suka yi rumfar gaba. Na bi shi da masifa har bakin titi, na ce ya kashe mini kasuwa. Ya ce shi bai kashe komai ba, zare ɗaya ya ƙona, kuma in ina so zai biya ni zaren.

Mutum ɗaya ne na ji daɗin abin da ya yi masa. Lokacin zaɓe wani ɗan takara mai ƙaton tumbi ya zo unguwa da buhunan shinkafa da alkawarin gyara kwata, alkawarin da tun ina budurwa ake yi mana. Ya bi dattawa yana gaisawa da hannu bibbiyu. Da ya zo kan Masta, Masta ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Silikon." Mutumin ya ɗauka kirari ne, ya ce ya gode paa, wato sosai. Bayan ya tafi Masta ya yi mana fassara. Wai silikon ma hannu huɗu gare shi kamar kabon, sai dai jiki ya yi masa yawa, ba ya iya matsowa kusa da ɗan'uwansa ya riƙe shi da kyau, da an taɓa sai su rabu. Ƙarshensa yashi yake zama. Kwatar tana nan yadda take, za ku iya leƙawa in kun fita.

Yanzu ga maganar katanga. Kun san Zango da rawani. Kowace ƙabila da sarkinta, kowane sarki da wazirinsa, in ka jefa dutse sama da wuya ya sauko bai faɗa kan mai sarauta ba. To wasu 'yan kasuwa, jikokin fataken goro na farko, suka ga su ma ya kamata su yi nasu sarkin, na Hausawan asali, waɗanda ba su da gauraye. Alhaji Isyaka ya ɗora ransa a kan rawanin nan, ya yi ta hidima har aka ce shi za a naɗa. Aka kafa rumfuna aka tare titi, aka gayyato sarakunan Mosi da Dagomba da sauransu su zo su shaida. Maroƙi ya yi ta ihu a lasifika: jinin Kano tsantsa, ba haɗi, ba gauraye. Sai wani mai tsautsayi ya ce a ba babban wa lasifika ya sa albarka. Ina cikin mata na hango hannun Masta ya nufi aljihun dama.

Ya ɗaga gawayin sama ya ce, "Jama'a, kun ji ana ta tsantsa, tsantsa. To ga tsantsa." Ya ce kabon in ya zauna shi da danginsa kaɗai, ko dai ya zama wannan mai baƙanta tukunya, ko ya zama lu'ulu'u a kulle shi a akwati, kuma ba wanda ya taɓa ƙoshi da ɗayansu. Sai ya kama hannun baƙi yake zama zuma da nono da nama. Daga nan ya shiga tarihin gidanmu. Ya ce kakanmu da ya zo fataucin goro kabon ne na gaske, hannu huɗu, bai bar ko ɗaya a banza ba: matarsa ta fari 'yar Mosi, ta biyu 'yar Dagomba, ta uku 'yar Asante da ta musulunta, ta huɗu ce kaɗai Bahaushiya, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Mu jikokin 'yar Mosin ne. Uwarmu kuma, Allah ya jiƙanta, babarta daga Yendi, ƙasar Dagomba, aka kawo ta. Ya rufe da cewa ƙaninsa mutum ne mai albarka, don jinin Zango gaba ɗaya yana jikinsa.

Sai mutanen Sarkin Mosi suka miƙe suna tafi, suna cewa ashe ɗansu ne ake naɗawa. Makaɗan Dagomba suka ce ai su ma nasu ne, suka saki ganga. Rawani dai an naɗa shi, tunda an riga an dafa shinkafa, amma kafin gari ya waye yara sun raɗa wa Alhaji suna Sarkin Gauraye. Bai sake sa rawanin ba. Sati bai zagayo ba ya kawo magina. Abin da ya fi ba ni haushi, Masta bai san ya yi laifi ba. Ya ce mini, "Ramatu, yabonsa fa na yi." Da aka gama katangar ya je ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ji yashi da siminti, ya ce, "Silikon," ya koma ɗaki.

Daga nan na zama 'yar aike da furfurata. Wannan ya ce in gaya wa mai katanga ruwan kwatarsa na shigo masa. Wancan ya ce in gaya wa mai gawayi akuyarsa ta cika kuka. Naman layya ma ni ke fita titi da shi in zagaya in shiga ɗaya ƙofar, kowa ya karɓa ya ce Allah ya saka wa wanda ya aiko, ba ya kama suna. A masallaci sahu ɗaya suke tsayawa, amma Alhaji sai ya tabbatar akwai mutum a tsakaninsu, don kada sallamar Masta ta sauka a kansa kai tsaye. Masta ya sa mini suna Oksijin, wai hannu biyu gare ni, ɗaya na riƙe da shi ɗaya na riƙe da Isyaka. Har na fara jin daɗi, sai ya ƙara da cewa kuma oksijin ne ke hura wuta. Ban musa ba, na san bakina.

Ana haka ciwon suga ya kwantar da shi. Ko a gadon asibiti bai fasa ba, ya gaya wa likita cewa kabon shidan da ke cikin suga ne suka haɗa kai za su kashe shi, amma 'yan'uwa ne, ba zai riƙe su a zuciya ba. Da aka sallamo shi gida ƙafafunsa sun kumbura, muryarsa ta yi ƙasa, na duba na san tafiya ta matso. Alhaji yana bayan katanga yana jin tarinsa, bai leƙo ba. Ranar nan tsoro ya kama ni, tsoron ya koma fushi. Na ce masa, "Yaya, ka cika Zango da karatun yadda kabon ke riƙe ɗan'uwansa. Kai ina naka ɗan'uwan? Da kai da ɗan takara mai tumbin nan mene ne bambancinku?"

Masta ya ce a miƙo masa goro da tsinkaye. Ya soka huɗu. Ya sa barkono a ɗaya ya ce Memuna ce, ya sa dabino a na biyu ya ce 'ya'yansa ne, ya sa lemun tsami a na uku ya ce ni ce. Na huɗun ya bar shi tsirara. Ya miƙo mini ya ce in kai wa Isyaka. Na tambaye shi saƙon me zan faɗa, ya ce babu.

Na zagaya na tarar da Alhaji a kujerarsa yana jin rediyo. Ya dubi abin ya ce wane irin shirme ne wannan. Wallahi ban shirya ba, sai na ji karatun Masta yana fita daga bakina tiryan-tiryan: hannu huɗu, sarƙa, rassa, da abin da ya sha gaya mana cewa kabon in hannunsa ɗaya ya zauna a banza ba ya samun natsuwa, ba ya kwanciya sai ya sami abin riƙewa. Ban kai ƙarshe ba kuka ya ci ƙarfina. Alhaji ya juya goron ya ce, "Har yanzu rowar nan tana nan. Dubi goron ma ya bushe." Ya ajiye shi a tebur ya ƙara wa rediyo murya. Na fita ina faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a gaban malamai ba.

Washegari da hantsi ina ba Masta koko muka ji sallama. Alhaji ne a bakin ƙofa, riƙe da abin nan. A kan tsinke na huɗu ya soka wani ƙaton farin goro, sabo, irin na kai wa surukai. Ya shigo ya ajiye a kan gado, ya tsaya yana kallon bango. Anti Memuna ta toshe bakinta da mayafi. Masta ya sa tabarau, ya ɗaga abin, ya jujjuya shi a hankali.

"Ka soka shi a karkace."

"Tsinkenka ne karkatacce. Na bola ne."

"Kuma fari ka zaɓo. Wato har yanzu kai ne tsantsa."

"Yaya, ka sha kokonka ka ƙyale ni."

Yaya. Kalmar da na shekara nawa ban ji ta fito daga bakinsa ba. Na ajiye kofin na fita tsakar gida, don ba na so su ga fuskata.

Daga ranar kullum da safe Alhaji sai ya zo sun yi musu, kan siyasa, kan ƙwallo, kan wanda ya fasa tulun mahaifiyarmu suna yara. Da zagayen titi ya ishe shi ya kira yaran shagonsa da guduma suka fasa ƙofa a katangar, ita ce wadda kuka bi ɗazu. Ya ce kada kowa ya yi wani tunani, saboda gwiwarsa ya yi. Ranar da Allah ya karɓi ran Masta, bayan azahar, Alhaji ne zaune a gefensa riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Masta ya buɗe ido ya ce a hankali, "Kawo ɗayan. Riƙon hannu biyu ya fi ƙarfi." Alhaji ya kawo ɗayan. Masta ya yi shahadarsa, a haka ya cika.

Ɗazu da ake raba goron adu'a na ga wasunku suna satar kallon Alhaji Isyaka, ya sha farar shadda sabuwa fil, amma aljihunsa na dama ya yi baƙi. Kada wanda ya tambaye shi, zai ce muku biro ne ya fashe.

Allah ya jiƙan Yaya Awudu, ya yafe masa kurakuransa, har da zarena da ya ƙona. Allah ya sa karatun da ya yi ta ɗura mana ba mu roƙa ba ya zame masa haske a kabari. Ya Ubangiji, bawanka bai iya zama da hannu a banza ba, ka riƙe shi da rahamarka, kada ka sake shi. Mu kuma da ya bari, ka bar mu riƙe da juna har mu tarar da shi. Amin.